Awa ɗaya a gaban kwamfuta: yadda muke auna wanda ya ce ya iya

Da wuya takardar neman aiki ta zo hannunmu ba tare da layin nan da ke cewa mai ita ya ƙware a kwamfuta ba, ya iya Word da Excel da intanet. Idan wata ma'aikata ko makaranta ta ba mu aikin tantance masu neman kujerar akawu, ko sakatare, ko mai shigar da bayanai, ba ma musun wannan layin, ba ma kuma gaskata shi. Zaunar da mutum muke yi awa ɗaya a gaban na'ura, mu ba shi ayyuka goma irin waɗanda zai tarar a kan teburinsa ranar Litinin da safe. Amma kafin ya taɓa linzami sai mun sa ya auna kansa da kansa a takarda. Tazarar da ke tsakanin awonsa da namu ita muka fi sa wa ido, don ta fi makin kansa nuna irin ma'aikacin da za a samu.

Shiri yana farawa tun jajibiri. Kowace kwamfuta sai an tabbatar Office iri ɗaya ne a kanta, domin wanda ya faɗa kan tsohuwar fitowa zai ɓata minti biyar yana neman maɓallin da maƙwabcinsa ke gani a fili. Muna zuba folda guda mai ɗauke da fayilolin gwaji a kowace na'ura, mu ajiye asalinta a filash don a mayar da komai sabo bayan kowane rukuni. Akwai akwatin imel na gwaji ga kowace kujera, don kada a sa kowa ya buɗe nasa a gaban mutane. Sai kuma abin da ake yawan mantawa: tsarin kibod. Idan an saita Windows a kan tsarin Ingila alhali kibod ɗin na Amurka ne, mutum zai danna Shift da 2 yana neman alamar @ sai alamar zance ta fito masa. Wannan ba laifinsa ba ne, kuma mun ga yadda yake karya gwiwar mutum tun a minti na farko. Ana duba Num Lock, a cika janareta da mai, a gwada batirin ajiyar wuta ta hanyar zare fulogi a ga ko na'urar za ta ɗauke. Mai sa ido ɗaya ga mutum huɗu muke sakawa. Idan suka wuce haka ba zai ga hanyar da kowa ya bi ba, sakamako kawai zai gani, alhali hanyar ita ce rabin labarin.

Da safe, bayan an zauna, takardar awon kai ce ta farko. A da tambaya ɗaya ake yi: yaya ƙwarewarka a kwamfuta, kaɗan, matsakaici ko sosai? Wannan tambaya ba ta da amfani, kusan kowa "sosai" ko "matsakaici" yake zaɓa. Abin da ke aiki shi ne a rubuta ayyukan goman nan ɗaya bayan ɗaya da kalmomi masu sauƙi, a gaban kowanne a ba da zaɓi uku: zan yi ni kaɗai, zan yi idan an ɗan nuna mini, ban iya ba. Na farko maki 2, na biyu 1, na uku sifiri. Da wannan ma'aunin dai za mu yi masa maki idan ya zo aikatawa, jimla 20, ta yadda lambobin biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa. Muna karanta umarnin da Hausa da Turanci, don kwamfuta muke gwadawa, ba Turanci ba. Muna kuma faɗa musu a fili: "Malamai, wanda ya rubuta bai iya ba, ba a rage masa komai. Wannan takardar ba ta cikin maki." Duk da haka kaɗan ne ke yarda su sa alama a gidan "ban iya ba", musamman samari. Ana karɓe takardun, a ba su minti biyar su saba da linzami, saboda wanda ya saba da laftof ko waya hannunsa yana ɗan rawa da farko, sannan a danna agogo.

Aikin farko kamar wasa ne a ido. An aiko maka da fayil ta imel; sauke shi, ka buɗe folda mai sunanka a cikin Documents, ka ajiye shi a ciki, ka canza masa suna. Kusan babu wanda ke ba kansa ƙasa da 2 a nan, kuma a nan ake fara tuntuɓe. Saukewar ba ta gagarar kowa. Tambayar da ke tsayar da su ita ce, ina fayil ɗin ya tafi? Za ka ga mutum ya sake danna saukewa sau uku, har foldar Downloads ta cika da kwafi mai (1) da mai (2), yana tsammanin bai sauka ba. Wani ya buɗe takardar kai tsaye daga burauza, ya yi gyara, ya danna adanawa, ya rufe, sannan ya rasa inda ta shiga. Dalilin a bayyane yake. Waya ba ta taɓa tambayarka inda za ka ajiye abu. Hoto yana cikin gidan hotuna, takardar da aka turo tana cikin hirar WhatsApp, in kana nema sai ka koma hirar. Mutum zai yi shekara goma yana sarrafa waya da gwaninta ta gaskiya, yana tura kuɗi, yana haɗa bidiyo, yana kasuwanci a Facebook, bai taɓa buƙatar sanin cewa fayil yana zaune a wani gida da ke cikin wani gida ba. Da ya ce ya iya, ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya iya ɗin ne ba shi ake tambaya ba.

Na biyu, neman wata takarda da muka binne a folda ta huɗu, mun ba da rabin sunanta kawai, a kwafe ta zuwa filash. Wanda ya san akwatin bincike yana gamawa cikin daƙiƙa ashirin. Wanda bai sani ba yana buɗe folda ɗaya bayan ɗaya, in ya dace ya samu, mu ba shi 1. Kuskuren da muke dubawa a filash shi ne wanda ya kwafi gajeriyar hanya a maimakon fayil ɗin: gunki mai ƙaramar kibiya a kusurwa, nauyinsa kilobayit ɗaya ko biyu. A kan wannan kwamfutar zai buɗe lafiya lau, shi ya sa mai shi zai tashi da yaƙinin ya gama. Sai an kai filash ɗin wata na'ura za a ga babu komai a ciki. Na uku kuwa, rage hoton fasfo daga megabayit huɗu zuwa ƙasa da kilobayit 200, da mayar da takardar Word ta zama PDF. Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin makaranta ko na ɗaukar aiki a intanet ya san inda wannan ke ciwo. Da yawa suna ja kusurwar hoton a cikin Word su ƙanƙanta shi a ido, su ɗauka nauyinsa ya ragu. Wasu kuma su goge .docx daga sunan fayil su rubuta .pdf da hannu, abin da ba ya canza komai sai hana takardar buɗewa.

A Word ba saurin bugu muka fi damuwa da shi ba. Muna ba da gajeriyar sanarwa da Hausa mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ. Wanda ya buga "kasa" inda aka rubuta "ƙasa", ko "dauki" a gurbin "ɗauki", bai cika aikin ba, don sanarwar ofis ce za a manna a allo. Hanyoyin suna da yawa kuma duk mun yarda da su: a ƙara kibod ɗin Hausa a saitin harshe na Windows, ko a shiga Insert a nemi Symbol, ko a buga 0199 a danna Alt da X a samu ƙ, 0257 a samu ɗ, 0253 a samu ɓ. Har wanda ya kwafo harafin daga wata takarda muna ba shi cikakken maki, domin ya warware matsalar da kansa.

Aiki na biyar ne ke raba wanda ya koyi Word da wanda ya saba da ita kawai. Takarda ce mai shafi shida: a sa take a tsakiya, kowane babi ya fara a sabon shafi, a sa lambar shafi a ƙasa, girman takarda ya zama A4. Idan aka buga a firinta, aikin mutum biyu zai iya fitowa iri ɗaya sak. Mu kuwa muna danna Ctrl da Shift da 8, alamomin ɓoye su bayyana. A takardar ɗaya za ka ga layin yanke shafi guda, wanda Ctrl da Enter ke sakawa. A ta ɗayan za ka ga alamar Enter goma sha bakwai a jere da ya yi amfani da su ya tura babi zuwa shafi na gaba, da ɗigo arba'in na tazara da ya tura take tsakiya da su, da lambar shafi da ya buga da hannu a ƙasan kowane shafi. Sai mu ƙara layi biyu a shafin farko a gabansa, komai ya goce. Ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu sun san wannan azaba: malami ya ce a gyara sakin layi ɗaya, a kwana ana jan babuka. Girman takarda ma yana da nasa sharrin. Word da yawa tana zuwa a saite kan Letter, girman Amurka, wanda ya fi A4 faɗi kaɗan kuma ya fi shi gajarta, sai a buga a ga gefe ya yanke ko shafuka sun ƙaru.

Excel ce ke cin kusan rabin lokacin, kuma a nan gizo ke saƙa. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba ta yi maka tsawa idan ka yi kuskure. Za ta karɓi abin da ka ba ta, ta fitar da lamba mai kyan gani, ka tashi kana murna.

Muna fara da jerin ma'aikata goma: suna, lambar waya, lambar asusun banki, albashi. Da gangan muke sa asusu uku masu farawa da sifiri. Lambar asusu a Najeriya goma ce, ta waya goma sha ɗaya mai farawa da sifiri. Excel tana ɗaukar duk abin da ya yi kama da adadi a matsayin adadi, adadi kuma ba ya farawa da sifiri, sai ta share shi ba sallama. Lamba goma ta koma tara, 080 ta koma 80. Maganin shi ne a mayar da ginshiƙin ya zama Text kafin a fara bugawa, ko a fara da alamar ' kafin lambar. Wanda ya lura bayan ya gama bugawa ya mayar da ginshiƙin Text, sifirin ba zai dawo ba, sai ya sake bugawa. Abin da muke rubutawa a takardar sa ido ba wai ya san maganin ba kawai, a'a, ya ma lura? Akwai wanda zai tsaya, ya dubi allo, ya dubi takarda, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, sifirina yana ɓacewa." Wannan ko bai san gyaran ba, mun ga alheri a tare da shi. Akwai kuma wanda zai buga goman a minti uku bai ɗaga ido ba, ya wuce aiki na gaba. Idan jerin albashi ne na gaske, banki zai dawo da mutum uku, kuma ba wanda zai san dalili sai an bi layi-layi. Haka abin yake ga lamba mai tsawo. Daga goma sha biyu zuwa sama Excel tana nuna ta a dunƙule da harafin E a tsakiya, kuma ba ta riƙe fiye da lambobi 15. Lambar katin banki mai 16, ta ƙarshen tana komawa sifiri, ba kuma hanyar dawo da ita.

Sai lissafi. Jerin kaya ashirin da farashinsu, a fitar da harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ake karɓa a Najeriya tun Fabrairun 2020, sannan a fitar da jimla. Mun rubuta 7.5% a gida ɗaya a sama, F1, muka ce a yi amfani da shi. Kayan farko na naira 48,000 ne, harajinsa 3,600. Mutane uku ne ke bayyana a nan. Na farko ya zaro waya, ya yi lissafi a kalkuleta, ya buga amsa da hannu. Lambobinsa daidai ne, amma da mun canza farashi ɗaya babu abin da ke motsi. Wannan teburin zane ya yi, ba lissafi ba. Na biyu ya rubuta =C2*F1, ya samu 3,600, ya ja ta ƙasa. Layi na biyu ya koma F2, na uku F3, gidajen da ba komai a ciki, sai haraji ya zama sifiri daga layi na biyu har ƙasa. Na uku ya san a sa alamar dala, $F$1, ko a danna maɓallin F4, don a ɗaure gidan kada ya bi ja. Akwai kuma tarkon da muka ɗana a jimla: farashi biyu an buga su da alamar ' a gaba, don haka rubutu ne ba adadi ba. SUM, umarnin da ke tara jimla, ba ta ƙorafi, tsallake su take yi. Alamar da za ta nuna maka ita ce sun jingina hagu alhali 'yan uwansu na dama. Mai hankali yana gwadawa da COUNT, mai ƙirga gidajen da ke ɗauke da adadi, ya ga 18 a maimakon 20. Kaɗan ne ƙwarai ke kama wannan, har cikin masu takardar difloma ta kwamfuta.

Na ukun Excel gajere ne amma ya fi kowanne haɗari: jera sunaye daga A zuwa Z. Wanda ya zaɓi ginshiƙin suna kaɗai, Excel za ta fito da gargaɗi tana tambaya ko a haɗa da sauran bayanan da ke gefe. Hannun da ya saba danna duk abin da ya fito don ya kauce masa ba ya karantawa. Idan ya zaɓi a ci gaba da ginshiƙi ɗaya, sunaye za su jeru tsaf, albashi da lambar asusu su tsaya inda suke, kowa ya auri asusun wani. A ido teburin ya fi da kyau. Kada a ɗauka irin wannan ɓarnar ta 'yan koyo ce kawai. A shekarar 2020, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rasa sakamakon mutum 15,841 da aka samu da cutar korona, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na XLS wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da ya cika, sauran suka zube a shiru. Sabon tsarin XLSX yana ɗaukar fiye da layi miliyan ɗaya.

Imel ba ya ɗaukar lokaci. A aika takardar PDF ɗin nan ga mutum uku ba tare da ɗaya ya ga adireshin ɗaya ba, a sa take. Wanda bai san Bcc ba, gidan da ke ɓoye adireshin masu karɓa, yana zuba su duka a To, ko ya aika sau uku, mu ba shi 1. Mantawa da maƙala fayil ɗin ma yana faruwa. Muna kuma tambaya da baki abin da za a yi idan fayil ya wuce megabayit 25, iyakar Gmail; wanda ya sani zai ce yana komawa mahaɗin Drive, kuma sai an ba mai karɓa izinin buɗewa.

Aiki na goma shi ne inda yarda da kai ta fi yawa. Saƙonni huɗu a akwatin gwaji, biyu na gaskiya, biyu na zamba, a ware su a faɗi dalili. Kowa yana ganin ba za a iya damfararsa ba. Wanda ke cike da kuskuren Turanci da alƙawarin miliyoyi, kowa yana kama shi. Ɗayan kuwa mun tsara shi tsaf, da tambari, da harshe mai kyau, yana cewa a tabbatar da bayanan albashi kafin ƙarfe huɗu. Hanyar gane shi ita ce a ɗora linzami a kan mahaɗin ba tare da dannawa ba, a karanta adireshin da ya fito a ƙasan allo. Karatun ma yana da ƙa'ida: a nemi sandar / ta farko bayan https://, a karanta baya daga nan. Abin da ke manne da sandar shi ne mai gidan, duk sunan banki ko na hukuma da aka jera kafin shi ado ne. Shafin gwamnatin Najeriya yana ƙarewa da .gov.ng daf da sandar. Da yawa suna kafa hujja da ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi, alhali kwaɗon yana nufin hanyar a rufe take tsakaninka da shafin, bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba. A saƙon akwai fayil mai suna da ya ƙare da .pdf.exe, kuma da yake Windows tana ɓoye wutsiyar suna idan ba a canza saiti ba, .pdf kawai ake gani.

Da agogo ya cika, kafin kowa ya tashi, muna mayar musu da sabuwar takardar awon kai mai tambaya ɗaya a gaban kowane aiki: ka yi shi daidai? Wannan matakin ne muka fi koyon abu a cikinsa. A ayyukan da kuskure ke bayyana a fili, kamar fayil da ya ɓace, mutane suna sauke kansu da gaskiya. A Excel da saƙon zamba kuwa, wanda ya ba kansa 2 da safe yana sake ba kansa 2, bayan ya zubar da sifiri uku ya kuma haɗa kowa da asusun wani. Bai ga komai ba, don ilimin da zai sa ya yi aikin daidai shi ne dai ilimin da zai sa ya gane ya yi kuskure.

Wannan shi ne abin da David Dunning da Justin Kruger na Jami'ar Cornell ta Amurka suka bayyana a 1999, ko da yake su nahawu da tunani da barkwanci suka gwada, ba kwamfuta ba. Waɗanda suka zo a rubu'in ƙasa, matsayinsu na gaskiya wajen 12 cikin ɗari ne, amma sun kai kansu wajen 62. Masana lissafi sun yi gyara a kan wannan, kuma gyaran yana da hujja: wanda ke can ƙasa ba shi da inda zai yi kuskuren awo sai sama. Amma a kwamfuta an auna abin kai tsaye. Gidauniyar ECDL mai ba da takardar shaidar iya kwamfuta, wadda yanzu ake kira ICDL, ta tattara binciken ƙasashe da dama inda aka sa mutane su auna kansu sannan aka gwada su. A Ostiriya kashi 94 cikin ɗari sun ce ƙwarewarsu daga matsakaiciya zuwa mai kyau ƙwarai take, kashi 39 ne kawai suka kai haka a aikace. A Suwizalan kashi 85 sun ce sun iya intanet da imel da kyau, kashi 34 ne suka amsa tambayoyin aiki daidai. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, OECD, kuma ta gwada manya 'yan shekara 16 zuwa 65 a ƙasashe 33 tsakanin 2011 da 2015, mafi yawansu ƙasashe masu arziki: kusan kashi 5 ne suka kai mataki mafi girma na warware matsala da kwamfuta, kusan rubu'i kuma ba su ma iya yin gwajin a kan na'ura ba. Yawancinsu ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ke nan, kwamfuta tana gidaje da yawa. Saboda haka ba ma kallon abin da muke gani a ɗakin gwaji a matsayin aibin mutanenmu.

Tazarar ba kullum sama take kallo ba, kuma wannan ɓangaren ya fi damun mu don a nan ake asarar ma'aikata nagari. Akwai masu ba kansu 1 a kusan komai, su zo su yi aikin a natse, suna karanta kowane gargaɗi, suna duba takarda sau biyu. Sau da yawa mata ne, ko dattawan da suka koyi aikin a ofis a hankali. Eszter Hargittai da Steven Shafer sun nuna haka a Amurka a 2006: sun zaunar da maza da mata suka sa su nemo bayanai a intanet, iyawarsu ba ta bambanta sosai ba, amma matan sun auna kansu ƙasa da yadda mazan suka auna kansu. Idan da hira kawai za a ɗauki aiki, wadda ta ce "ina dai taɓawa" za ta rasa kujera ga wanda ya ce "ai ni kwamfuta a jinina take". A al'adarmu kuwa kunya da kawaici suna ƙara faɗin wannan tazarar, mace ba ta cika yabon kanta a gaban manya ba.

Akwai zaton da iyaye da shugabannin ma'aikatu ke yi cewa yaran zamani da na'ura aka haife su. Jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, don haka duk wanda ya nemi jami'a daga lokacin ya taɓa zama a gaban allo. Amma an tsara ta yadda da 'yan maɓallai za a gama: A, B, C, D don amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. Wannan adalci ne ga yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzami ba, sai dai cin ta bai nuna an san inda fayil ke kwana ba. Makarantun koyon kwamfuta na wata uku ma, inda mutum biyar ke rabon na'ura ɗaya ana kwafar bayani a littafi, suna fitar da wanda zai karanto maka sunayen sassan allon Word da ka, amma bai taɓa gyara takardar da wani ya lalata ba.

Sakamako ba ma manna shi a allo. Kowa muna kiransa shi kaɗai minti biyar, mu buɗe fayil ɗinsa, mu ajiye takardun awonsa biyu a gefe. Ba ma cewa ka faɗi. Cewa muke yi, "Malam, ƙirga mana lambobin asusun nan na layi na huɗu." Ya ƙirga ya samu tara, ya yi shiru, ya sake ƙirgawa. Abin da mutum ya gano da idonsa ba ya mantawa, kuma ba ya jin an ci masa fuska. Wadda ta rage kanta kuwa, muna nuna mata lambobin biyu mu ce, "Malama, 11 kika ba kanki, 17 kika samu, daga yau ki riƙa faɗin abin da kika iya."

Ga ma'aikatar da ta aiko su muna miƙa lamba uku a kan kowane mutum: makin aiki, tazarar safe, da tazarar bayan gwaji. Shawararmu ita ce mai maki 12 da ya san inda ya gaza ya fi mai 15 da ke rantsuwa 20 ya samu, musamman idan kujerar ta shafi kuɗi ko bayanan mutane. Na farkon zai tambaya kafin ya aika. Horon da ke biyo baya ba ma fara shi da Word ko Excel. Kwana biyun farko na folda da fayil ne kawai: ƙirƙira, suna, wutsiyar suna, kwafa da matsarwa, bincike, da bambancin Save da Save As. Daga nan sai Excel, inda kowane darasi muke ba da teburin da aka riga aka lalata, a ce su nemo ɓarnar kafin a koya musu gina nasu. Bayan mako shida ana maimaita gwajin da sababbin fayiloli da sababbin tarkuna, tare da takardar awon kai kamar farko, kuma a wannan karon sifirin da ke ɓacewa muna ɓoye shi ne a cikin fayil ɗin CSV, wani tsarin adana tebur da Excel ke buɗewa, wanda ke zubar da shi tun a buɗewa idan aka danna shi sau biyu.